Babi na Bakwai: Takardar Koke daga Zuru

Ranar 12 ga Satumba 1960, a Balmoral, gidan hutun Sarauniyar Ingila da ke cikin tsaunukan Sikotilan, majalisar mashawartan Sarauniya Elizabeth ta zauna ta zartar da wata doka. A jikin dokar nan aka liƙa tsarin mulkin Tarayyar Najeriya da na yankunanta uku, Arewa da Yamma da Gabas. Bayan kwana 19 aka sauke tutar Ingila a Legas. A ƙasar Zuru lokacin damina ta fara ja da baya, dawa tana shirin fid da kai, kuma babu wanda ya kafa akwati a Dabai ko Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji don a tambayi manomi ko ya yarda da takardar da za a mulke shi da ita. Ba Zuru kaɗai aka tsallake ba. Kano ma ba a tambaye ta ba, haka Inugu da Badun.

Amma kada mai karatu ya ɗauka shiru aka yi. An yi rubutu, an yi shi da yawa, shekara 15 ana yi. Abin dubawa shi ne inda wasiƙun suka dosa, domin daga adireshin da ke bayan ambulan ake gane wanda wuƙa da nama ke hannunsa.

Bari mu leƙa Amurka tukuna, tunda daga can muka aro tsarin shugaban ƙasa a 1979. Ranar 17 ga Satumba 1787 wakilai suka gama rubuta tsarin mulki a Filadelfiya, suka sa wani sharaɗi a sashe na bakwai: takardar ba za ta zama doka ba sai jihohi 9 daga cikin 13 sun amince, kowace ta bakin taron wakilan da jama'arta suka zaɓa musamman don wannan aiki. Wannan sharaɗi shi ya tayar da ƙurar wasiƙu. James Madison ya rubuta wa Thomas Jefferson, wanda ke jakadanci a Faransa, doguwar wasiƙa yana bayyana masa abin da aka ƙulla. Jefferson ya amsa ranar 20 ga Disamba 1787, ya yaba wasu wurare, sannan ya faɗi abin da bai kwanta masa ba: babu jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ciki, kuma ba a taƙaita yawan lokutan da shugaba zai sake tsayawa ba. George Mason na Bajiniya, wanda ya ƙi sa hannu tun a zauren taron, ya rubuta dalilansa aka yi ta kwafa ana bazawa. Masu adawa suka cika jaridu da wasiƙu da sunayen aro, irin su Brutus. Alexander Hamilton da Madison da John Jay su ma suka ari sunan Publius, suka zuba maƙalu 85 suna lallashin mutanen jihar Niyok.

Kuma lallashin na gaske ne, don abin ya kusa suɓucewa. A Bajiniya ƙuri'a 89 da 79 aka yi. A Niyok 30 da 27. Hamilton har mahaya dawakai ya shirya su riƙa kawo masa labarin yadda ta kaya a wasu jihohi, don ya karya gwiwar abokan hamayya a zauren taron jiharsa. Masu adawar ma ba su tashi a tutar babu ba, gardamarsu ce ta haifi gyare-gyare goma na haƙƙin ɗan ƙasa da aka tabbatar a 1791. Ba ina wanke su ba ne. Bayi baƙar fata ba su da baki a wannan muhawara, mata ba su da shi, haka 'yan asalin ƙasar da aka tarar. Sai dai a tsakanin waɗanda aka ɗauka mutane ne, wasiƙa daga tsara take zuwa ga tsara, domin mai rubutun yana bukatar ƙuri'ar mai karantawa.

A Arewa ta zamanin Turawa wasiƙa hawa take yi. Wanda ke da ƙorafi, in bai iya boko ba, sai ya nemi mai rubuta wasiƙa, irin waɗanda ke zama da tebur a bakin kotu ko gidan waya. A buɗe da gaisuwa da ladabi da biyayya, a jero sarautun wanda ake rubuta wa, a yi addu'ar Allah ya ƙara masa girma, sai can ƙasa a saƙala abin da ya kawo mutum, a rufe da neman afuwa. Masu koke su dangwala yatsa. Takardar ba ta da ikon tsallake matakala: daga En'e zuwa Di'o, daga Di'o zuwa Razdan a hedikwatar lardi, daga nan Kaduna, in ta yi tsawon rai ta kai Legas. Kowane tebur ta sauka sai an rubuta mata ra'ayi a gefe, kuma sau da yawa wanda aka kai ƙara shi ne farkon mai karanta ta. Mutumin da ya san takardarsa za ta bi ta hannun hakiminsa ya san irin lafazin da zai zaɓa.

Hatta manyan 'yan boko ta wannan hanya suka bi, sai dai su sun san ƙofar baya. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, wato maƙwabcin mutanen Zuru ne ta ɓangaren Kwantagora, shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa mata hannu. Maimakon haka sai ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi shekara 40 kafin nan, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana ciwon da ke cin Arewa: tazarar da ke tsakanin masu mulki da talakawa, da yadda matasa masu ilimi ba su da inda za su faɗi ra'ayinsu. A duba wannan da kyau. Ɗan Arewa mafi kaifin alƙalami a zamaninsa, da ya tashi neman gyara, tsohon gwamna mai ritaya a ƙauyen Ingila ya rubuta wa. Ba laifinsa ba ne, ya san inda ake yanke hukunci.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 daga sama ya faɗo, ba a shawarci kowa ba. Jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana tara kuɗi da goyon baya, a wannan rangadi ne ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, ya rasu a Legas a watan Mayu 1946. A 1947 tawagarsu ta kai koke Landan wurin Sakataren Mulkin Mallaka, Arthur Creech Jones, cikinta har da Zanna Bukar Dipcharima daga Borno da Funmilayo Ransome-Kuti daga Abekuta. Amsar da suka samu ita ce su koma gida su gwada tsarin tukuna.

Gwamna Macpherson da ya zo a 1948 ya fi wayo. A 1949 ya sa aka yi tarukan jin ra'ayi tun daga ƙauye zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa yanki, aka ƙare da babban taro a Badun a watan Janairu 1950. A kan takarda wannan shi ne lokacin da aka fi kusantar tambayar manomin Sakaba ko na Fakai. Amma wa ke zama a taron ƙauye? Dagaci da dattawansa. Wa ke tace abin da aka faɗa kafin ya kai lardi? En'e da Di'o. Kafin magana ta iso Badun ta bi ta rariya huɗu. A can ne Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar a koma yadda ake kafin 1914. Aka ba ta: kujeru 68 cikin 136. Wannan nasara ce ga Arewa a dunƙule, kuma ina ganin da ba a yi haka ba da an daɗe da yi mata nisa. Tambayar da ba a tsaya a kanta ba ita ce wa zai yi magana da yawun ƙananan al'ummun da ke cikin Arewar.

Nan Zuru ta shigo. Ƙasar ba masarauta guda ba ce irin ta Gwandu ko Kwantagora tun asali. Turawa ne suka haɗa sarautu biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, suka yi musu En'e ta tarayya. Mutanenta Dakarkari ne, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukawa da Kambari da Bangawa da sauransu, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. A gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin kakanni suna cin tuwo a kwano guda, in lokacin bikin Uhola ya yi kowa ya fito. Samarin da suka saba da wahalar golmo, shekaru suna noma wa surukai kafin a ba su mata, su ne Turawa suka riƙa ɗiba soja, har aikin ya zama gado a yankin. Ga shi kuma ƙasar ta zauna a kan iyaka, shi ya sa ake ta jan ta kamar tabarmar aro: ta zauna a Lardin Kwantagora, aka mai da ta Lardin Sakkwato, sannan Lardin Neja. Duk da alƙalamin ofis aka yi waɗannan sauye-sauye.

Bayan rikicin 1953, wato ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, da gyaran da Sardauna ya kawo cewa sai lokacin da ya dace, da tarzomar Kano ta watan Mayu wadda hukuma ta ce mutum 36 suka mutu a cikinta, harkar tsarin mulki ta koma teburin shugabannin jam'iyyu a Landan da Legas. A taron 1957 maganar ƙananan ƙabilu ta ƙi kwanciya, sai aka naɗa hukuma ƙarƙashin Sir Henry Willink, da Gordon Hadow da Philip Mason da J. B. Shearer, su binciki tsoron da waɗannan al'ummu ke ji su kawo maganinsa. Daga ƙarshen 1957 zuwa watannin farko na 1958 suka zagaya ƙasa suna sauraron shaidu da lauyoyi, suna karɓar takardun koke tuli. Jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ta nemi a yanke yankin Tsakiya daga Arewa, kuma taswirar da ake nema ta haɗa da Lardin Neja, wanda Zuru ke ciki. Gwamnatin NPC ta ce Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya. Ko mutanen Wasagu sun fi son Kaduna ko sabon yanki, hanya mafi sauƙi ta sani ita ce a ƙirga su. Ba a ƙirga ba.

Rahoton ya fito a 1958 ya ce ƙirƙiro sababbin yankuna ba zai kashe tsoron ba, sai dai ya haifi sababbin 'yan tsiraru. Ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, a kuma ƙarfafa 'yan sandan tarayya. A taron Landan na wannan shekara Sakataren Mulkin Mallaka, Alan Lennox-Boyd, ya gindaya wa shugabanni zaɓi: in ana son sababbin yankuna, to ranar 'yanci za ta ja baya. Kowa ya zaɓi 1960. Abin da ya rage wa masu koke shi ne babin haƙƙin ɗan Adam, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don shi ne kakan Babi na Huɗu na tsarin mulkin da muke amfani da shi yau. Abin mamaki, a Amurka ma masu adawa jerin haƙƙoƙi suka samu. Bambancin shi ne su sun karɓe shi a matsayin farashin ƙuri'arsu, mu kuwa hukuma ce ta ga dama ta ba da shawara.

Wani zai ce ai shugabannin da suka je Landan zaɓaɓɓu ne, kuma majalisar da aka zaɓa a Disamba 1959 ita ta zartar da ƙudurin neman 'yanci a Janairu 1960. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai a tuna matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba, sai bayan shekaru aka ba su dama, kuma zaɓen jam'iyya daban, tambayar ko ka yarda da wannan takarda daban. Ba kuma a ce ba a san ƙuri'ar raba gardama ba. Tsallaken iyaka kaɗan, ranar 28 ga Satumba 1958, Hausawan Dogondutsi da Maradi da Damagaram sun jefa ƙuri'a a kan tsarin mulkin Janar de Gaulle. Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a ƙi, hukumar Faransa ta sa nauyinta a ɗaya ɓangaren, masu cewa i suka yi rinjaye, Bakary ya rasa mulki. Zaɓen bai tsira daga zargin murɗiya ba, amma dai an tambaya. A cikin gida ma an tambayi mutanen Arewacin Kamaru a 1959 da 1961, an tambayi na Yamma ta Tsakiya a 1963.

Abin da aka hana farar hula, soja suka yi shi da sanarwar rediyo. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, Lardin Neja da na Sakkwato suka zama Jihar Arewa maso Yamma. A 1975 Murtala ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe, takardun koke suka sake kwarara. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, amma aka bar Zuru a Jihar Sakkwato, aka raba ta da Kwantagora. Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya yanke Jihar Kebbi, Zuru ta sake sabuwar hedikwata a Birnin Kebbi. Dattijon da aka haifa a Zuru a 1950 ya kai takardarsa Minna, ya kai Sakkwato, ya kai Birnin Kebbi, alhali bai taɓa sauya gida ba.

Tsarin mulkin 1979 ya fi sauran samun muhawara. Kwamitin mutum 49 na Rotimi Williams ya rubuta daftari, Yusufu Bala Usman da Segun Osoba suka ƙi yarda suka rubuta nasu rahoton, jaridu suka cika da wasiƙun masu karatu, majalisar tsara mulki ta Udo Udoma ta yi zaman da maganar Shari'a ta kusa wargazawa a 1978. Bayan duk wannan, majalisar ƙoli ta soja ta ƙara abin da ta ga dama, har da dokar mallakar ƙasa, ta sa hannu. Na 1999 kuwa ko wannan bai samu ba. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya yi kamar wata biyu yana tattara ra'ayi, aka yi zaɓe aka gama ba wanda ya ga takardar, sai ranar 5 ga Mayu 1999 ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 24, ta buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka ba kanmu ita. A majalisar mulkin sojan da ta zartar da ita akwai ɗan Zuru, Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa. Ƙasar da ta ba Najeriya Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru, da Tanko Ayuba da ya yi gwamna a Kaduna, da Dauda Musa Komo a Ribas, ta samu kujera a teburin tsarin mulki, amma kakin soja ne ya kai ɗanta can, ba ƙuri'ar Dabai ba.

Bayan haka an taɓa zuwa har gida. Ranar 10 ga Nuwamba 2012 Majalisar Wakilai ta kira taron jama'a a dukkan mazaɓu 360, har da ta Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, aka karanta jerin tambayoyi kan gyaran tsarin mulki mutane suna amsawa. Aka tattara, majalisun tarayya suka zartar, majalisun jihohi suka amince. A watan Afrilu 2015 Shugaba Jonathan ya rubuta wa majalisa wasiƙa guda ya ce ba zai sa hannu ba. Aikin ya tsaya nan.

Yau babban koken yankin shi ne Jihar Kainji, wadda za ta haɗa masarautar Zuru da ta Kwantagora da ta Borgu. Taron ƙasa na 2014 ya sa ta cikin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙiro, a watan Fabrairu 2025 kuma sunanta ya sake fitowa cikin buƙatu 31 da aka karanta a zauren Majalisar Wakilai. Duk lokacin da aka kafa kwamitin gyaran tsarin mulki sai a ɗinka takarda mai bango, a sa taswira da jerin albarkatu, tawaga ta sa manyan riguna ta kai Abuja, a ɗauki hoto ana miƙawa. Salon takardar ya sauya, kwamfuta ta maye gurbin mai tebur a bakin kotu, amma har yanzu sama take kallo.

Ga masu wannan fafutuka nake da magana. Ku buɗe sashe na 8 ku karanta shi a tsanake. Kafin a yi jiha, sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa da ta Wakilai da majalisun jiha da kansilolin ƙananan hukumomi sun sa hannu. Sai a yi ƙuri'ar raba gardama a yankin a samu kashi biyu cikin uku. Sai mafi rinjayen jihohi 36 su amince ta bakin majalisunsu, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya. Tun 1963 babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiro ko yanki ɗaya, kuma sojan da ke yi da sanarwa sun koma bariki. Saboda haka wanda za ku shawo kansa ba ya zaune a ofishin kwamiti. Kansila ne a Rijau, da 'yar kasuwa a Sabuwar Busa, da ɗan majalisar jiha a Birnin Kebbi wanda zai ga jiharsa za ta rasa ƙananan hukumomi huɗu cikin 21, da takwarorinsa a Abakaliki da Akure waɗanda ba su taɓa jin sunan Mahuta ba. Su za ku fara rubuta wa, cikin harshen da suke ji, ku gaya musu abin da za su samu in sun ce i.